Yadda Ake Haɗa Macijin Kusugu na Yadi da Shirya Jerin Gwanonsa a Legas

Makarantu da ƙungiyoyin Hausawa mazauna Legas, daga Agege da Idi-Araba har zuwa Mile 12 da Alaba Rago, sukan nemi abin da za su nuna a ranar al'adu ko a bikin Ranar Hausa ta Duniya da ake yi ranar 26 ga Agusta, kuma shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a ɗauko gardi ya yi wasa da maciji. Gardanci sana'a ce ta gado wadda ba a raina wa masu ita, amma taron yara a matsattsen layi ba wurinta ba ne. Cire wa maciji haƙorin dafi ba ya kawar da haɗari, domin wani haƙorin yana sake tsirowa, kuma akwai masu fasa kai da ke tofa dafi a idon mutum daga nesa. Ba kowane asibiti ne ke ajiye maganin dafi ba, ga kuma cunkoson motocin Legas tsakanin wanda aka sara da likita. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Hanyar da za a bayyana a nan ita ce a haɗa maciji na yadi mai tsawon mita 14, mutum tara su ɗauke shi a kan sanduna, a zaga da shi cikin kiɗa, sannan a rufe da kwaikwayon labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Mako shida sun isa a gama shirin idan an fara ɗinki da horo a lokaci guda.

Mataki na farko: a tsayar da ma'anar wasan, a nemi yardar manya

Al'ummomi da yawa suna fita da maciji a bukukuwansu, sai dai manufarsu ta bambanta da tamu, kuma wajibi ne mai shiryawa ya san bambancin tun kafin a tambaye shi. A garin Wida na Jamhuriyar Benin, gaba kaɗan da Kwatano, akwai ɗakin bauta da ake ajiye mesa ana girmama ta. A Indiya ana bikin Nag Pancami a watan Yuli ko Agusta, inda ake miƙa wa macizai madara. A ƙauyen Kokullo na Italiya, ranar 1 ga Mayu, ana lulluɓe gunkin wani waliyyinsu da macizai masu rai a zaga gari da shi. Waɗannan duka ibada ce a wurin masu yin su. Namu kuwa wasan kwaikwayo ne na labarin kafuwar Hausa Bakwai, wanda a cikinsa maciji shi ne azzalumin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma ƙarshensa a sare masa kai.

Da wannan bayanin za a je wurin limamin unguwa tun ba a sayi ko allura ba, a ce masa: "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke son koya wa yara, mun zo jin ra'ayinka." Malamai sun saɓa kan siffanta abu mai rai, wasu suna sassautawa idan don wasan yara ne ko koyarwa, wasu kuma ba sa so, saboda haka gara a ji matsayinsa da wuri da a ji shi a huɗuba bayan an kashe kuɗi. Daga nan sai fadar Sarkin Hausawan yankin, da goro a hannu: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka." Wakilin da fada za ta haɗa ku da shi zai yi amfani sosai idan an zo neman izinin hanya.

Mataki na biyu: sayen kaya

Ana buƙatar bututun roba na wayar lantarki mai kaurin milimita 20 guda 12, da tiyo mai ɗan tauri mita 30, da igiyar nailan mita 50, da sandunan gora guda 9 masu tsawon mita ɗaya da rabi, da siraran katako, da kwali, da tsofaffin jaridu, da sitaci, da fenti, da salatif, da robar cikin taya da aka yayyanka don ɗauri. Gora ba ta wahalar samu, domin da ita magina ke kafa matattakala a ko'ina cikin Legas, sai dai a zaɓi busasshiya siririya. Kada a yi amfani da sandar ƙarfe ko kaɗan, saboda wayoyin lantarki da ke lilo ƙasa-ƙasa a layukan unguwanni. Yadi kuwa a nemi yadin shafi marar nauyi a Balogun ko Oshodi, yadi 18, mai faɗin inci 45. Atamfa ta fi kyan gani, amma da ta sha ruwa sai nauyinta ya gagari yara. Kwandon da za a yi kai da shi a samo a Mile 12 wurin 'yan tumatir, a wanke shi da sabulu a shanya sosai. A tuna cewa kasuwannin Legas ba sa buɗewa da sassafe ranar Alhamis sai an gama tsaftar kasuwa da misalin ƙarfe 10.

Mataki na uku: haɗa ƙwarangwal

Dabarar ɗaukar doguwar halitta a kan sanduna ta mutanen Sin ce, waɗanda ke rawar dodonsu a bikin sabuwar shekara, galibi da adadin gaɓoɓi mara kamar tara, kuma daga can ta isa Nagasaki ta Japan, inda ake yin irinta a bikin Kunci daga 7 zuwa 9 ga Oktoba. Abin da za mu ara daga gare su shi ne tsarin gini kawai: gaɓa mai tauri a kan kowace sanda, da sashe mai laushi tsakanin gaɓa da gaɓa.

Kowace gaɓa mai tauri tana da zobba biyu na bututu. A yanka bututun santimita 110, a cika shi da busasshen yashi, a toshe bakunansa, a ɗumama shi a kan garwashi a sarari inda iska ke kaɗawa, sannan a lanƙwasa shi a jikin bokiti ko tukunyar da faɗin bakinta ya kai santimita 35. Yashin ne ke hana bututun karyewa a wurin lanƙwasa, kuma wanda ya tsallake wannan zai ɓata bututu da yawa kafin ya samu zobe ɗaya mai kyau. Idan ya huce sai a zazzage yashin, a haɗe bakunan biyu da guntun ice. Tunda tsawon bututu ɗaya ya kusa mita 3, zai ba da zobba biyu, ragowarsa kuma a raba shi biyu, santimita 40 kowanne, a yi haƙarƙarin da zai haɗa zobban ta dama da hagu. Ta sama da ta ƙasa a sa siririn katako mai tsawo ɗaya da su. A huda na ƙasa, sandar gora ta ratsa ta cikinsa ta tokare na sama, a ɗaure da robar taya tamau. Idan an kama sandar a ƙasa kawai ba ta kai ga katakon sama ba, gaɓar za ta riƙa rangaji kuma za ta ɓalle a juyi na farko mai ƙarfi. A yi irin wannan guda tara, amma biyun ƙarshe a rage musu faɗi domin jiki ya tafi yana sirancewa zuwa wutsiya.

Bayan haka a jera gaɓoɓin a ƙasa, tazarar mita ɗaya da rabi daga sanda zuwa sanda, wato mita 12 daga ta farko zuwa ta tara, kai ya ƙara mita ɗaya a gaba, wutsiya ta ƙara ɗaya a baya. A ja igiya uku daga wuya har wutsiya, ɗaya ta gadon baya, biyu ta gefe, a ƙulle su a jikin kowane zobe. A kowane tsakani a rataya zobba uku na tiyo a kan igiyoyin, jimilla 24, domin kada yadi ya lotsa. Igiyar ce ke ɗaukar ja idan masu ɗauka suka yi wa juna nisa, don haka dole igiyoyin uku su zo daidai da juna a tsawo, kuma yadin ya fi su sakewa kaɗan. Macijin da aka bar wa yadi ɗaukar ja yakan yage a gwajin farko.

Mataki na huɗu: kai da fata

Kai ne abin da 'yan kallo za su zuba wa ido, kuma shi ne ke gajiyar da mai ɗauka, saboda haka kada nauyinsa ya wuce kilo 3. A matse kwandon ya yi tsawo, a yanka masa baki, a yi muƙamuƙin ƙasa da kwali, a kafa faffaɗan kwali a bayan wuya domin ya ba da siffar macijin da ya fasa kai. Sai a dama sitaci da kauri, a zuba masa gishiri kaɗan, a riƙa tsoma yankakkiyar jarida ana liƙawa. A nan ne danshin Legas ke ba da wahala. Abin da zai bushe cikin yini ɗaya a Kano yana iya kwana biyu a nan bai bushe ba, kuma idan aka ɗora sabon shafi a kan ɗanye sai ya yi fumfuna daga ciki ya fara wari. A yi shafi huɗu sirara, a bar kowanne ya bushe ƙarau a gaban fanka, sannan a rufe da fentin mai. Ido a yi shi da gindin kofin roba, harshe da jan yadi mai baki biyu, haƙora da soso.

Tunda wasan zai ƙare da sare kai, kada a ɗaure igiyoyin jiki a jikin kan. A ɗaure su a gaɓar farko, wadda ita ce wuya, kan kuma ya zauna a bisa wani turke da ya fito daga wuyan, a riƙe shi da ƙulli mai zarge wanda ake warwarewa da fizga ɗaya. A cusa jan ƙyalle mai tsawo a cikin wuyan, yadda da kan ya fita zai zubo.

Fata aikin tela ne. Kewayen zobe santimita 110 ne, faɗin yadi kuma ya ɗara haka kaɗan, saboda haka zai lulluɓe jikin ba tare da ƙari ba. Kada tela ya rufe shi kamar buhu. Ya bar cikin a buɗe, ya ɗinka maɗaurai a gefe biyu kowane taƙi guda, domin a iya cirewa a wanke. Ɓawon fata kuwa a yanka siffarsa a kwali, a ɗora a kan yadin a riƙa dangwala fenti da soso tun kafin a sanya shi a jikin ƙwarangwal.

Mataki na biyar: horar da masu ɗauka

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Maciji mai kyan fenti a hannun waɗanda ba su horu ba labule ne kawai ake yawo da shi. A zaɓi mutum 18, wato rukuni biyu masu karɓar juna, 'yan shekara 12 zuwa sama, masu tsawo kusan ɗaya a kowane rukuni. Mafi ƙarfi da natsuwa shi zai riƙe kai. Mafi sauri kuma a kai shi wutsiya, domin duk lanƙwasar da kai ya yi da taku biyu, kafin ta iso baya ta zama gudu.

Ƙa'idar motsin guda ɗaya ce: kowa ya maimaita abin da na gabansa ya yi, amma bayan bugu ɗaya na ganga. Idan duka taran suka ɗaga sanda lokaci guda, abin zai tashi a sanƙare. Idan kowa ya jinkirta da bugu ɗaya, sai motsin ya gangara daga kai zuwa wutsiya, a nan ne mai kallo zai ga kamar abin yana da rai. Yara sukan so kallon kai, shi ya sa mai horarwa zai yi ta maimaita musu: "Yarana, ku bar kallon kai, kowa ya kalli sandar da ke gabansa."

A mako na farko kada a taɓa macijin. A jera su, kowa ya riƙe gwiwar hannun na gabansa, su yi tafiya suna ɗaga hannu da saukewa bi da bi. Haka 'yan matan ƙabilar Benda ta Afirka ta Kudu ke yi a rawar domba, wadda ake kira rawar mesa, kuma babu abin da ya fi wannan saurin koya wa jiki jinkirin bugu ɗaya. A mako na biyu a ba su sanduna da aka haɗa da igiya tsura, su koyi tsare tazara, kada igiya ta ja ƙasa kuma kada ta miƙe tsam. Hannu ɗaya yana gindin sanda, ɗaya yana tsakiya, kuma ana musanya su idan za a karkata daga dama zuwa hagu. Sai a mako na uku za a ɗora ƙwarangwal, a na huɗu a sa fata.

Motsi huɗu sun wadatar. Akwai tafiyar lanƙwasa, inda mai kai ke ratsa hanya daga gefe zuwa gefe kowa kuma ya taka inda ya taka, ba tare da yanke ba. Akwai tashi da sauka, wanda ake yi a tsaye wuri ɗaya idan jerin ya dakata. Akwai sara, inda na ɗaya da na biyu da na uku ke ja da baya taku biyu, su ɗaga kai sama, sannan su kawo shi ƙasa da sauri wajen da babu mutane kusa. Na huɗu shi ne naɗi, kuma ya fi wuya: mai kai yana zagayawa yana matsowa tsakiya, saura suna kewaye shi, har jikin ya naɗe kamar gammo, kai a sama can, kowace gaɓa ta fi ta gabanta ƙasa, mai wutsiya a durƙushe. Wajen warwarewa daga wutsiya ake farawa, domin idan mai kai ya nemi fita da kansa sai igiyoyi su sarƙe.

Mataki na shida: kiɗa da shela

Ganga ɗaya mai amo ita za ta riƙe bugun da masu ɗauka ke bi, kalangu kuma ya yi ado a kai. Masu kalangu suna tare da mahauta, don haka a tambaya a wajen mayankar Oko-Oba ta Agege. Tambari da kakaki kayan sarauta ne, ba a kawo su sai da izinin fada. A yi yarjejeniya da makaɗa kan alama uku, ta tafiya da ta naɗi da ta tsayawa cak, kuma su halarci aƙalla gwaji uku na ƙarshe. Mai shela ya riƙe lasifika ya riƙa ba da labarin da Hausa, wani kuma ya maimaita da Yarbanci ko Turancin buroka, ya kuma riƙa sanarwa tun daga nesa cewa macijin na yadi ne, domin ihun mutum ɗaya a kasuwa ya isa ya jawo turmutsutsu.

Mataki na bakwai: hanya, izini da lokaci

Filin makaranta ko na ƙwallo ya fi sauƙi. Idan kuwa lallai sai an fita titi, a zaɓi layukan cikin unguwa da tsawonsu bai wuce kilomita ɗaya ba, a guji manyan tituna da layin da aka keɓe wa manyan motocin bas na BRT, kuma kada hanyar ta tsallaka layin dogo, abin da mutanen Agege za su fi kula da shi. A rubuta takarda mako biyu kafin ranar zuwa ga baturen 'yan sanda na yankin da ofishin LASTMA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa da ƙaramar hukuma, a kai gaisuwa wurin bale, wato mai unguwar Yarabawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa da aka fi sani da CDA. A tambayi bale ko ranar ta ci karo da bukukuwan gargajiyar Yarabawa na Oro ko fitar dodannin Egungun, musamman a wajen Ikorodu, domin ba a haɗa jerin gwano biyu a hanya ɗaya. Mutum biyu su taka hanyar da ƙafa riƙe da sandar gora a ɗage, su lura da wayar da ta yi ƙasa, da lambatun da ba shi da murfi, da kwanar da ba za ta ɗauki mita 14 ba.

Ruwan sama a Legas ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, yakan ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba, amma tsagaitawar ba abin dogaro ba ce, saboda haka a tanadi babbar leda ta rufe kai da rumfar fakewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar La'asar, a gama kafin Magariba, kuma a tsayar da kiɗa idan an zo wucewa ta gaban masallaci ko coci ko asibiti. Hukumar kare muhalli ta LASEPA tana karɓar ƙorafin maƙwabta kan ƙara, don haka kada a kai dare.

Mataki na takwas: ranar fita

Mai shela ne a gaba, sai 'yan mata ɗauke da tuluna babu ruwa, sai maciji da makaɗa a gefensa, ba a bayansa ba, domin masu ɗauka su ji bugu. 'Yan agaji su riƙe igiya ta dama da hagu, su bar aƙalla mita biyu tsakanin maciji da jama'a. Bayansu Sarauniya Daurama da fadawanta, sai yara bakwai riƙe da tutoci masu sunayen Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Idan Bayajidda zai hau doki, a bar shi can ƙarshen jeri, kuma a nuna wa dokin macijin tun a wurin gwaji, domin doki yana firgita da babban abu mai kaɗawa. A riƙa musanya masu ɗauka kowane minti goma, ana karɓar sanda ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ajiye ta ƙasa ba.

A filin da za a ƙare, a kafa rijiya da rabin ganga ta roba, a bayanta a ja labule mai zanen katanga wanda zai ɓoye jikin macijin, kai kawai ke leƙowa. 'Yan mata su zo ɗiban ruwa ya kore su. Baƙo, wato Bayajidda, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce masa: "Ɗana, a garin nan ba a samun ruwa sai Juma'a." Ya karɓi guga ya nufi rijiya, maciji ya fito gaba ɗaya ya yi naɗi ya kawo sara sau biyu, a na uku Bayajidda ya kai masa sara da takobin katako yana fizge zargen da ɗaya hannun. Masu ɗauka su zube bi da bi daga wuya zuwa wutsiya, da jinkirin nan na bugu ɗaya. Ya sa kan a buhu ya tafi, masu ƙarya su fito kowa yana cewa shi ya kashe, Daurama ta nemi a kawo kai, baƙo ya fito da shi. Mai shela ya bayyana cewa wannan labari ne na kaka da kakanni wanda ake ba da shi ta fuskoki dabam-dabam, kuma rijiyar tana nan a Daura ta Jihar Katsina ana ziyartarta har yau.

Idan za a raba abinci, kada a zuba a farar robar nan mai kama da soso, domin gwamnatin Legas ta haramta ta tun Janairun 2024. Bayan an watse a kwance fatar a wanke ta, a bar ta ta bushe sosai kafin a ninke, a zare sandunan gora, a tattara zobban su haɗe wuri ɗaya a kan igiyoyinsu. Kan kuma a naɗe shi da yadi maimakon leda, a rataye shi a sama inda iska ke shiga, domin sitacin da ke jikinsa yana jawo ɓeraye da kyankyasai.